Ranar da Saje Kamilu Ya Sa Tuta Ta Durƙusa

In ka sauka a tashar Gaya ka ce a kai ka Unguwar Marke gidan Kamilu, sai ɗan acaɓa ya tambaye ka wane Kamilun. Amma da ka ce Saje, to magana ta ƙare, hau mu tafi. Shekara goma sha ɗaya ya yi a Kaduna, ya dawo gida da akwatin ƙarfe, da murɗaɗɗen gashin baki, da tafiya irin ta wanda ya haɗiyi taɓarya. Duk wanda ya tambaye shi inda ya zauna, amsar ɗaya ce: "Bariki." Kuma bai yi ƙarya ba. A bakin ƙofar barikin teburinsa na shayi yake, kusa da mai faci. Wannan ɓangaren bayanin ne dai ya baro a can bai taho da shi ba.

Mutum ɗaya ce ta san zancen, matarsa Hanne, don ita ta yi shekarun nan tana wanke kofuna. Ta rufa masa asiri kam, amma a cikin gida bakinta ba ya rufuwa.

Ana cikin cirar gyaɗa, wata rana bayan la'asar, Hedimasta Malam Muhammad Bashir ya zo majalisar gindin marke da labari. Manjo Usaini mai ritaya, ɗan garin da ya gina wa firamare ajujuwa biyu, zai zo ranar ɗaya ga Oktoba ya buɗe su. Zai kuma taho da sabon babur, a ba wanda zai zama kwamandan 'yan sintiri, tun da ɓarayin awaki sun addabi yankin. Shi da kansa zai zaɓi kwamandan a ranar.

Kamilu ya ji maganar babur har tsakar kansa. Shekara biyar ke nan yana hawa keken da silifa ce birkinsa.

Ya ce, "Hedimasta, me kuka shirya wa Manjo?"

"Yara za su yi waƙa, a yanka rago, dagaci ya yi jawabi."

Kamilu ya yi dariya har da dukan cinya. "Rago! Soja za ku tara da rago kamar ana suna? Malam, soja ba ya jin yaren rago. Tuta yake ji, da fareti, da busa. Ku ba ni mutum goma sha biyu da sati biyu. In Manjo bai zubar da hawaye ba, ku aske min gashin bakin nan da kwalba."

Hedimasta ya yi murna, don dama abin ya tsaya masa a wuya. Dagaci ma ya ce ai ga mai abu a gida, me za a je nema a dawa.

Da ya koma gida, Hanne tana tsince gyaɗa a tsakar gida. Labari ya riga shi isowa.

"Baban Zulfa, an ce kai za ka yi wa Manjo fareti?"

"An faɗi gaskiya."

"Da buta ko da ludayi?"

"Ke dai ki ja bakinki. Shekara goma sha ɗaya ina kallon abin nan safe da yamma."

"Ta ramin katanga."

"Ido ai ido ne, ko ta ina ya leƙa. Ki fara koyon zaman bayan babur kawai, kada ki ba ni kunya a hanyar Kademi."

Hanne ta ce, "Ni dai in an tashi askin gashin bakin, akwai kwalbar man ja a ɗaki."

Washegari da sassafe aka fara atisaye a filin makaranta. Manoma goma sha biyu suka bar gonakinsu suka jeru, kowa da ɗan guntun burinsa na shiga sintiri. Kamilu ya fito cikin kakin da ya saya wajen 'yan gwanjo a kasuwar Ajingi, wandon bai kai idon sawu ba, takalman kuma sun matse shi har yana tafiya kamar mai taka ƙaya. Ya daka tsawa a juya dama. Biyar suka juya gabas, biyar suka juya yamma, biyu suka tsaya suna kallon juna.

"Kai jama'a! Hannun cin tuwo! In na ce dama, ku bi hannun cin tuwo!"

Ya sake ba da umarni. Mutum goma sha ɗaya suka juya daidai. Bala, wanda bahago ne tun haihuwa, ya bi nasa hannun tuwon, haɓarsa ta gamu da hancin Gaji. Gaji kuwa gajere ne mai saurin fushi, nan take ya cakumi wuyan rigar Bala. Sai da aka kai hantsi ana rabiya.

Aka zo kan sarawa. Kamilu ya ce hannu ɗaya na ƙananan hafsoshi ne, babban mutum kamar Manjo sai da hannu biyu, yadda ake miƙa wa dattijo ƙwaryar fura. Mutum goma sha biyu suka ɗora hannuwa a kunnuwa. Liman, da ya zo wucewa a kan kekensa, ya tsaya ya tambaya ko sallar wa ake yi da hantsi ba a sanar da shi ba.

Duk abin nan akwai mai kallo daga inuwar aji. Bubayero ne, maigadin makarantar, wani dattijon Bafulatani mai ɗingishi da ya zo garin shekara shida da suka wuce da 'yan shanunsa huɗu. Ba shi da yawan magana. Abin da aka san shi da shi ɗaya ne: kullum da safe zai ɗaga tsohuwar tutar makaranta a kan gorarta, da yamma ya sauke ta a hankali, ya ninke, ya sa a aljihun rigarsa na ƙirji. Mutane sun ɗauka tsufa ne kawai.

Ya matso da sandarsa ya ce, "Saje, sarawar nan, ina ganin hannu ɗaya..."

Kamilu ya tare shi. "Baffa, kai da nagge ka sani. In ana maganar tatsa za mu kira ka."

Bubayero ya ce to, ya koma inuwarsa.

Sati na biyu aka shiga babban darasi, wato ƙamewa. Wannan kam Kamilu ya gani da idonsa, ba jita-jita ba: da an busa a bariki, kowa yake sandarewa inda yake, ya fuskanci tuta, har mai keke sai ya sauko. Don haka ya kafa doka. Muddin lasifika tana kiɗa ko busa, ba motsi, ba tari, ba korar ƙuda.

Gaji ya ce, "Ko da kunama ce ta hau mutum?"

"Ko da uwar kunama ce. Wanda ya motsa kafin a gama, na soke sunansa daga sintiri. Na rantse da kakin nan."

Lasifikar kuwa aro ce daga wajen wani mai maganin gargajiya da ke cin kasuwar Ajingi. Ranar gwajin farko Kamilu ya tsayar da rundunarsa a ƙofar gidansa don mata su gani su yaba. Ya danna maɓalli, ya ƙame. Maimakon taken ƙasa, sai murya ta cika unguwa: "Ina masu basir mai tsiro? Ina masu sanyin ƙashi? Ku matso, Allah ya kawo sauƙi!" Ashe mai magani bai cire tallarsa ba. Runduna dai doka aka ba ta, kowa ya sandare da hannu biyu a kunne, ido a gaba, ana ta lissafa musu cututtukan da ba a faɗa a gaban suruki.

A daidai lokacin awakin Gaji guda bakwai suka biyo ta lungu, suka tarar da gyaɗar Hanne shanye a kan tabarmi uku. Suka duba hagu, suka duba dama, suka ga maza goma sha uku a tsaye ba mai ko ƙifta ido. Suka sa baki.

Hanne ta fito da muciya a hannu. "Wayyo gyaɗata! Gaji, ba awakinka ba ne? Bala, kana gani? Baban Zulfa!"

Kamilu ya yi magana ta gefen baki, ba tare da ya juya ba. "Muna kan aiki."

"Aikin basir?"

Sai da tallar ta kai ƙarshe, har da kwatancen rumfar mai magani, sannan aka saki jiki. Kafin nan tabarma guda ta tashi. Hanne ta bi awaki da muciya, ta dawo ta bi Gaji, da ta rasa Gaji ta tsaya a gaban mijinta tana haki. Shi kuwa sai ya juya ga runduna yana murmushi, ya ce yau ya tabbata sun zama sojoji, tun da gyaɗa ta ƙare a gabansu ba wanda ya motsa. Daren ranar dai bai ga tuwo ba.

Saura kwana uku ya tafi Gaya ya sa tela ya ɗinka sabuwar tuta, ya biya wajen mai cajin waya aka zuba masa bushe-bushen sojoji. Ya yi ta saurare ɗaya bayan ɗaya har ya kai kan wata busar begila mai ja a hankali, mai sa tsikar jiki tashi. Ya buga ƙafa ya ce, "Ita ce! Wannan ba a busa ta sai ranar manya."

Ya sa aka saro dogon itacen turare, aka fere shi, aka shafa masa farin fenti, aka ɗaura zobe da igiya a ƙolinsa. Hedimasta ya kawo shawarar a sa siminti a gindin. Kamilu ya ce soja a daji ina ya ga siminti, kamu ɗaya na rami ya isa, a tattake da ƙafa. Ƙasar wurin kuwa rairayi ce, wadda gyaɗa ke so.

Da aka kafa sanda ya tara hedimasta da dagaci, ya rage murya, ya buɗe musu babban sirrin.

"Ku saurara, wannan ko a cikin soja ba kowa ya sani ba. Ranar da ba kowa, tuta a can sama take. Amma ranar da manya suka cika bariki, motoci har bakin titi, sai a kai ta ƙoli, sannan a sauko da ita a hankali zuwa rabin sanda, a yi wannan busar. Me kuka fahimta?"

Suka ce sai ya faɗa.

"Durƙusawa ce! Kai in ka je gaida babba a tsaye kake miƙa masa hannu? To ita ma tuta tana da tarbiyya. Ta miƙe, ta rusuna."

Dagaci ya gyaɗa kai ya ce lallai ilimi kogi ne. Hedimasta ya ɗan yi jim, kamar akwai abin da ya taɓa ji a rediyo, amma ya tuna shi alli ya riƙe ba bindiga ba, sai shi ma ya gyaɗa kai.

Bubayero da ke share gaban aji ya jingine tsintsiya. Wannan karon da sauri ya taho, har ɗingishin ya fito sosai.

"Saje, don Allah kada ka yi wannan. Tuta a rabin sanda..."

"Baffa, na ce in an zo tatsa za a neme ka."

"Ka ji ni dai, magana ɗaya ce."

"Ranar taro ka tsaya can bayan yara, kada ka ɓata min layi da sandar nan taka."

Dattijon ya dube shi, ya dubi ramin da aka tattake da ƙafa, ya ɗauki tsintsiyarsa.

Ranar ɗaya ga Oktoba gari ya cika. An zo daga Balan, an zo daga Kademi, masu ƙosai da masu rake sun kafa layi. An yi rumfa a gefen sanda, an jera kujeru da tebur cike da lemo. Ga babur nan ja, sabo fil, leda ba a cire ba, an ɗaura masa kirtani mai kyalli. Kamilu in ya wuce sai ya shafa kujerar babur ɗin da gefen hannu. Cikin mata, a kan tabarma ta gaba, ga Dada, mahaifiyar Manjo, tsohuwa mai shekara tamanin da 'yan kai, tana daka goro a ɗan turminta.

Wajen ƙarfe goma motar Manjo ta iso. Kai tsaye ya wuto makaranta, ko gida bai biya ba. Dogon mutum ne mai furfura, cikin farar babbar riga, amma tafiyar ta soja tana nan. Kamilu ya daka tsawar da ta tashi tsuntsayen kan marke. Runduna ta ɗora hannu biyu a kunne. Manjo ya ɗan tsaya, ya dube su, gefen bakinsa ya motsa, ya wuce ya zauna.

Aka kira taken ƙasa. Wannan karon lasifika ba ta ci amana ba. Yara suka ɗauka, jama'a suka miƙe, Kamilu ya ja igiya, tuta ta tafi sama sumul, iska ta buɗe ta. Wallahi abin ya yi kyau. Manjo ya ƙame, da aka gama ya juya ga dagaci ya ce, "Wane ne wannan? Ya yi ƙoƙari." Kamilu ya ji da kunnensa. Da ya tsaya a nan, da yanzu labarin gudun da yake yi a hanyar Ajingi nake ba ku.

Amma ina! Mai rabon shan duka ba ya jin kwaɓa. Ya danna wayarsa, busar begila ta fito a hankali, ya shiga sassauta igiya. Tuta ta sauko, ta sauko, ta tsaya cak a tsakiyar sanda. Ya yi wa igiyar ɗaurin kawo-wuƙa don kada iska ta ɓata masa aiki, ya ja da baya taku uku, ya sara da hannu biyu.

Manjo, da ya fara zama, ya miƙe zumbur. Fara'ar ta bar fuskarsa. Ya ƙame, idonsa a kan tuta, har jijiyar wuyansa ta fito. Can bayan yara Bubayero ma ya saki sandarsa ta faɗi, ya tsaya ƙyam. Kamilu ya saci kallo, ya ga idon Manjo ya kawo ruwa. A ransa ya ce, gashin baki ka tsira, babur ka zo gida.

Manjo ya sunkuyo wajen dagaci. "Wa aka rasa ba a gaya min ba?"

"Rasuwa kuma, ranka ya daɗe?"

"Kada ku ɓoye min. Dada ce?"

Tsohuwa ta ji sunanta, ta ɗago daga turmin goro. "Ga ni nan, ɗan nan! Wa ya ce na mutu?"

"To wane ne? Wani babba ne a ƙasa? Tun asuba ina hanya ban kunna rediyo ba."

Kamilu ya ga lokacin bayani ya yi. Ya tako, ya ɗauki abin magana, ya gyara murya yadda har masu rake za su ji.

"Ranka ya daɗe, ba don kowa aka yi wannan ba sai don kai. Tutar taka ce, busar taka ce. Mun daɗe muna jiran wannan rana!"

Wurin ya yi tsit, sai begila. Manjo ya dube shi tun daga hula har matsattsun takalma.

"Kun daɗe kuna jira?"

"Sati biyu muna shiri, ranka ya daɗe. Dagaci ma ya sa hannu."

Dagaci ya ce, "A'a, ni kallo kawai na yi."

Manjo ya karɓi abin maganar. "Jama'a, tuta ba ta sauka rabin sanda sai an yi babban rashi. Wannan busar kuma ita ake yi wa soja in an sa shi a kabari."

Fili ya ɗauki salati. Dada ta miƙe da 'yar taɓaryar goronta. "Wane la'ananne ne yake binne min ɗa ina zaune? Ku nuna min shi!" Mata uku suka riƙe ta, tana ta kai duka ta saman kafaɗarsu.

Kamilu ya ji gumi ya karyo masa har cikin takalmi. Ya ruga gindin sanda don ya mayar da tuta sama. Ƙulli ya ce bai san zance ba. Ya sa farce, ya sa haƙori, ya ja, ƙulli ya ƙara shigewa. Sai ya kama igiyar da hannu biyu ya rataya da dukkan nauyinsa. Sanda ta yi wata ƙara daga gindi, rairayi ya buɗe baki, ta fara karkatowa wajen rumfa.

"Bala! Gaji! Ku riƙe sanda!"

Ba wanda ya motsa. Wayar ta kai ƙarshen busa ta sake ɗaukowa daga farko, runduna kuwa tana nan a sandare, hannu biyu a kunne.

"Ku taimaka mana, don Allah!"

Bala ya amsa ta gefen baki, ido a gaba. "Saje, busa ba ta ƙare ba."

"Na janye dokar!"

Gaji ya ce, "Ka rantse da kaki."

Sanda ta tafi. Manyan baƙi suka watse, dagaci ya bar takalmi ɗaya, hedimasta ya shige ƙarƙashin tebur, itacen turare ya sauka a kan rumfa ya raba ta biyu, kwalaben lemo suka tarwatse. Kamilu ya zube a rairayi da igiya a hannu, wandon gwanjo ya yage tun daga baya har gwiwa.

Da ƙura ta lafa sai aka ga abin da ba wanda ya lura da shi. Bubayero yana durƙushe a kan gwiwa ɗaya a gefen rumfar, hannuwansa biyu a sama, tuta a kansu. Yadda aka yi mai ɗingishi ya keto yara ya iso wurin, Allah kaɗai ya sani. Ko gefenta bai taɓa ƙasa ba. Ya zaro 'yar wuƙarsa ya yanke igiya, ya miƙe da ƙyar, ya ninke tutar tsaf, ya taka zuwa gaban Manjo. Ya miƙa ta, ya ja da baya taku ɗaya, ya sara. Da hannu ɗaya.

Wani ya yi dabara ya kashe lasifika.

Manjo ya rama sarawar, ya ce, "Baba, a ina ka yi aiki?"

"Kofur Bubayero, ranka ya daɗe. Shekara ashirin da biyu. Ƙafar nan a Laberiya na samo ta."

"Duk zamanka a garin nan ba ka faɗa ba?"

"Ba wanda ya tambaya, ranka ya daɗe. An ce sai an zo tatsa."

Manjo ya juya ga Kamilu, wanda ke tsaye yana riƙe bayan wando da hannu ɗaya. "Kai kuma Saje, wace bataliya?"

Kamilu ya dubi jama'a, ya hango Hanne cikin mata ta rufe baki da gefen mayafi.

"Ɓangaren ciyarwa, ranka ya daɗe."

"Kuku ne kai?"

"Kusa da haka. Shayi. Daga waje."

"To wa ya ce maka ana sauke tuta don girmama baƙo?"

"Gani na yi. Duk ranar da aka sauke ta, manya ke cika bariki, har biredi ya ƙare min kafin azahar."

"Jana'iza suke zuwa, bawan Allah."

Kamilu ya ce a hankali, "Ni dai na lura ranar ba su cika hira ba."

Manjo ya yi ƙoƙarin daurewa, abin ya fi ƙarfinsa. Ya fashe da dariya har yana dafa kafaɗar dagaci, fili duka ya ɗauka, har Dada da ba ta gama huce ba. Da ya share ido ya ɗauko makullin babur ya sa a tafin Bubayero. Dattijon ya ce shi fa bai iya tuƙi ba. Manjo ya ce kwamanda ba ya tuƙa kansa, ya zaɓi direba. Kamilu ya ɗan matso, ya yi gyaran murya. Bubayero ya dube shi da kyau, ya ce Bala zai iya, tun da ya ga mutum ne mai riƙe doka.

Kamilu bai jira an ci rago ba. Ya bi ta bayan makaranta, ta cikin gonar dawa, takalma a hannu, ya zagaya har gida don kada ya haɗu da kowa. A hanya ya ji ƙarar sabon babur ta nufi wajen Kademi, yara na binsa da ihu. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har ya tsaya ya jingina da kuka ya yi ajiyar zuciya.

Hanne ta riga shi isa. A tsakar gida ya tarar ta kafa taɓarya a cikin turmi, ta ɗaura tsohon ɗankwalinta a daidai tsakiyarta. A gefe ga tsohuwar butar shayinsa ta Kaduna, an fito da ita daga akwatin ƙarfe an wanke ta tas, ga kofuna shida a kife. Ga kuma kwalbar man ja.

Ya tsaya a bakin zaure yana kallon ɗankwalin. "Wannan kuma fa? Wa ya rasu?"

Hanne ta ce, "Saje ne, Allah ya ji ƙansa. Kai kuma Baban Zulfa, wanke hannu ka zo ka ci tuwo. Gobe kasuwar Ajingi, kuma na ji an ce tashar ba mai shayin kirki."